Nakasassu da nutso a teku: A yi tambaya kafin a biya kuɗi

Wani abokin aikina a jami'a, wanda cutar shan inna ta shanye wa ƙafafu tun yana ɗan shekara uku, ya je hutu gaɓar Bahar Maliya a ƙasar Masar a shekarar 2023, ya dawo mana da labarai guda biyu. Tun daga gida ya biya kuɗi ga wata cibiyar koyar da nutso saboda takardar tallarta ta ce an tanadi wurin domin nakasassu. Da isarsa sai ya tarar da matakala mai hawa goma sha ɗaya tsakaninsa da mashigar jirgi, sannan wani siririn katako tsakanin mashigar da jirgin kansa. Samari huɗu suka taso za su sungume shi kamar buhun masara, babu wanda ya tambaye shi inda ya dace a riƙe. Ya ce su dakata, ya juya kekensa ya koma masauki, kuɗinsa kuma sun bi ruwa.

Bayan kwana biyu ya samu wata cibiyar. Kafin su karɓi ko sisinsa sai da malamin nutson ya zaunar da shi kusan sa'a guda yana tambaya: wane hannu ya fi ƙarfi, yaya yake hawa gado daga keke, sanyi na damun ƙafafunsa ko kuwa, wane magani yake sha. Ya yi kwana biyu a kwamin wanka, a rana ta uku aka sauka da shi zurfin mita 10. Ya ce mini a cikin shekaru arba'in da 'yan kai, ranar ce ya fara yin sama da ƙasa da jikinsa yadda ya ga dama ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba.

Na san wani mai karatu zai ce ina ruwanmu da teku, mu da muke bakin hamada. To, nutso ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu ya ga gasar nutso a kogin Matan Fada. Baya ga haka, 'yan bokonmu da 'yan kasuwa suna zuwa Masar da Zanzibar da Malesiya hutu ko neman magani, kuma a cikinsu akwai waɗanda shan inna ta taɓa, da waɗanda haɗarin mota ya karya wa laka, da sojojin da suka rasa gaɓa a fagen daga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata nakasa babba. Ƙasar da nakasassunta suka ciwo lambar zinare 8 a wasannin Rio na 2016 ba ta da hujjar ɗauka cewa motsa jiki na masu ƙafa biyu ne kawai.

Nutson da ake magana a kansa shi ne wanda mutum ke goya tukunyar iska a baya yana shaƙa ta bututu, dabarar da Jacques Cousteau da Émile Gagnan na Faransa suka kammala a 1943. Abin da ya sa ya dace da mai raunin gaɓa a bayyane yake: ruwa yana ɗauke nauyin jiki, ƙafa ta daina zama sharaɗin tafiya, hannu sanye da safa mai tantani irin na ƙafar agwagwa ya wadatar. A 2011 wasu likitocin Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun bi wasu tsofaffin sojoji masu raunin laka zuwa tsibiran Cayman, suka ba da rahoton sassaucin ƙagewar tsoka bayan 'yan kwanaki na nutso. Binciken ƙarami ne, bai kai a kafa hukunci da shi ba, kuma duk cibiyar da ta sayar maka da nutso a matsayin magani ta fara da yaudara. Nishaɗi ne mai haɗari, wanda ake rage haɗarinsa da horo da kuma zaɓen hannun da za a miƙa wa rai.

A nan ne sana'ata ta nazarin harshe ta shigo. Masu tallar yawon buɗe ido suna da kalma guda ta Ingilishi da suke liƙa wa otal da jirgi da banɗaki, mai nufin cewa nakasasshe zai iya kaiwa gare su. Kalmar ba ta da ma'auni. Wani yana nufin ya zuba siminti a bakin ƙofa, wani yana nufin yana da ƙarti masu ɗaukar mutum, wani kuwa yana nufin ya taɓa karɓar baƙo mai sanda sau ɗaya. Bahaushe ya fi su tantancewa, domin tun kafin zuwan Turawa ya bambanta Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, ya san buƙatar kowane rukuni daban take. Jirgin da ya dace da kurma ba lallai ya dace da mai keke ba, malamin da ya iya jagorancin makaho ba lallai ya san yadda ake daidaita nauyi a jikin wanda aka yanke wa ƙafa ɗaya ba. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa cibiya ita ce: kun taɓa nutso da mai irin larurata, sau nawa, kuma wane malami ne ya yi?

Amma kafin cibiya, likita ne farko, kuma likitan da ya san harkar nutso. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara wa jiki matsi daidai da na dukkan iskar da ke samanmu, ta yadda a mita 10 matsin ya ninka na bakin gaɓa. Akwai larurorin da ba sa jure wannan. Farfaɗiya na cikinsu, haka ma wasu cututtukan huhu da zuciya, sai kuma wadda ta fi shafar mu a wannan ƙasa, wato cutar sikila, wadda likitocin nutso ke hana mai ita shiga. Mai raunin laka daga tsakiyar ƙirji zuwa sama yana da wani haɗarin na daban: abu kaɗan kamar cikar mafitsara ko matsewar ɗamara yana iya sa hawan jininsa ya yi tashin gwauron zabo nan take. Malamin da bai taɓa jin labarin wannan ba bai cancanci ya sauka da irin wannan baƙo ba.

Horon malamai kuwa abu ne da ake iya bincikawa. Ƙungiyar HSA, wadda Jim Gatacre ya kafa a jihar Kalifoniya a 1981, ita ce ta fara tsara manhajar koyar da nakasassu nutso. Akwai IAHD a ƙasar Holan, akwai Diveheart da Jim Elliott ya kafa a jihar Illinois a 2001, sannan PADI, babbar ƙungiyar ba da shaidar nutso a duniya, tana da kwas na musamman kan sauya dabaru domin dacewa da jikin ɗalibi. Tsarin HSA ya ba ni sha'awa domin bai raba mutane bisa sunan larurarsu ba, ya raba su ne bisa abin da suka nuna sun iya a cikin ruwa. Wanda ya iya ceton kansa da ceton wani yana mataki na farko, abokin nutso ɗaya ya ishe shi. Wanda ya iya kula da kansa amma ba zai iya ceton wani ba yana mataki na biyu, sai da abokai biyu. Mai mataki na uku shi ma sai da biyu, amma dole ɗayansu ya kasance mai horon ceto. Don haka idan cibiya ta ce za ta haɗa ka da ayarin mutum takwas a bayan jagora ɗaya, ka san inda ka dosa. Ka nemi sunan malamin da lambar shaidarsa, ka kuma tabbatar zai kasance a bakin aiki a makon da za ka je, domin sau da yawa shaidar da ke rataye a bango ta wani ce da ya bar aiki tuntuni.

Daga nan sai ma'auni, tunda gani ya kori ji. Ƙa'idar da Amurka ke bi ita ce faɗin ƙofa kada ya gaza santimita 81, gangaren keke kuma kada ya wuce tashin mita 1 a cikin tsawon mita 12. Ka roƙi a ɗauko maka hoton bidiyo tun daga ƙofar ɗakin kwana har zuwa cikin jirgi, ba tare da yankewa ba. Yashi ne a hanya ko daɓe? Banɗakin jirgin yana bisa dandamali ne ko sai an sauka matakala? Akwai inuwa? Babbar tambaya kuma ita ce ta fitowa. Shiga ruwa ba wuya, kowa na iya mirginawa daga gefen jirgi. Fitowa ce aiki, lokacin da jiki ya gaji, igiyar ruwa tana wasa da jirgi, tsani kuma ba shi da amfani ga wanda ƙafarsa ba ta taka. Jirgi nagari yana da faffaɗan dandamali daf da fuskar ruwa, ko na'urar ɗagawa, ko ma'aikatan da suka koyi ɗaukar mutum da majanyi ba tare da sun goge masa fata ba. Ƙujewar da mai lafiya zai manta da ita kafin magariba tana iya zama gyambon wata uku ga wanda ba ya jin ƙafarsa.

Akwai kuma batun harshe a ƙarƙashin ruwa, inda baki ke cike da bututu, magana ta koma hannu. Alamomin masu nutso 'yan kaɗan ne kuma suna da tarko: ɗaga babban yatsa, wanda a kan tudu ke nufin madalla, a can yana nufin mu tashi sama, nutso ya ƙare. Kurame biyu masu Maganar Hannu, harshen kuramen ƙasar Hausa da Constanze Schmaling ta wallafa littafi a kansa a shekarar 2000, za su yi cikakkiyar hira a zurfin mita 15 yayin da farfesan harshe irina ke fama da alamu goma. A can nakasar ta sauya gida. Amma wanda yatsunsa ba sa motsi, ko makaho da ba zai ga alamar ba, dole a ƙirƙira masa nasa tsarin, na matsa hannu sau kaza ko gyaɗa kai, a kuma maimaita shi a kwamin wanka har ya zauna. Cibiyar da ba ta tayar da wannan zance da kanta ba, ba ta shirya ba.

Game da wurare, abu uku ake dubawa: ɗumin ruwa, natsuwarsa, da kusancin asibiti. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25, gaɓar da ba ta motsi kuwa ta fi saurin sanyi. Bahar Maliya tana cikin mashahuran wuraren nutso da suka fi kusa da mu, ruwanta garau, zafinsa yana kai wa digiri 28 da bazara, ya sauko wajen 22 da hunturu, don haka zaɓen wata yana da muhimmanci. Garin Sharm el-Sheikh yana da ɗakin matsin iska na jinyar masu nutso tun 1993, ga gandun murjani na Ras Muhammad a kusa. A kudu kuma, kusa da El Quseir, ƙungiyar Deptherapy ta Birtaniya ta shafe shekaru tana kai sojojin da suka rasa gaɓoɓi suna koyon nutso. Tsibirin Bonaire da ke yankin Karebiyan ya yi suna da ruwa mai ɗumi da kwanciya, ana kuma yabonsa da cewa daga gaɓa ake shiga ba sai da jirgi ba. Sai dai a yi hattara, yawancin mashigan nasa duwatsu ne da ɓaraguzan murjani, waɗanda keke ba ya bi. Abin da ya zama sauƙi ga mai ƙafa shi ne cikas ga marar ita.

Jiragen da ake kwana a cikinsu mako guda a tsakiyar teku suna da daɗin talla, amma ɗakunansu galibi a ƙasa suke, bayan matakala mai tsayi da lungu matsattse. A Nuwamban 2024 jirgin Sea Story ya kife a kusa da Marsa Alam, mutum 11 suka mutu ko suka ɓace. Duk mai keke da ke sha'awar irin wannan tafiya ya tambayi kansa, ya kuma tambayi kyaftin, wa zai fito da shi cikin duhu idan wuta ta tashi ko jirgi ya karkata.

Haɗarin da ya fi ɓuya shi ne na iskar naitirojin da ke narkewa cikin jini a zurfi, ta koma kumfa idan aka taso da gaggawa. Alamominta su ne sagewar gaɓa da kasala da raunin tsoka, wato abubuwan da mai raunin laka ke fama da su kullum. Likitan da bai san yadda kake kafin ka shiga ruwa ba, ba zai gane abin da ya sauya ba. Shi ya sa ake so ka tafi da rubutaccen rahoton gwajin jijiyoyinka, ka ba cibiya kwafe. Ka sayi inshorar da ta ambaci nutso da larurarka ƙarara, irin wadda ƙungiyar DAN ke bayarwa, domin kuɗin ɗakin matsin iska da jirgin ɗaukar marar lafiya ba na albashin malami ba ne. Ƙa'idar DAN kuma ita ce a jira aƙalla sa'a 12 bayan nutso ɗaya, ko 18 bayan nutso na kwanaki, kafin a hau jirgin sama.

Duk wannan yana da tsada, araha kuwa ba ta ado. Amma abin da ake saye ya wuce kallon kifi. Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, ta 2006, ya lissafa nishaɗi da wasanni cikin haƙƙoƙi, Nijeriya ma ta sanya hannu a kan dokarta ta hana nuna musu bambanci a Janairun 2019. Duk da haka, sai mai karatu ya lissafa kwaman wanka nawa ne a otal-otal da jami'o'inmu da mai keke zai iya shiga ya koyi iyo kafin ya fita waje. Abokin nawa ya ce abin da ya bambanta cibiya ta biyu da ta farko shi ne, kafin kowa ya taɓa shi sai da aka ce masa: Malam, yaya kake so mu yi? Wanda ya yi maka wannan tambaya a kan tudu shi ne za ka iya bi cikin ruwa. Allah Ya kiyaye mana matafiyanmu, a tudu da cikin teku.