Abin Da Masoya Kiɗan Metal Suke Gardama A Kai

Wanda ya ji kiɗan metal karon farko zai ɗauka an tara maƙera ne a ɗaki ɗaya an rufe ƙofa. Gita na ruri, ganguna na rugugi, mawaƙi na ihu kamar an take masa wuya. Masoyansa kuwa suna jin bambance-bambancen da kunnen baƙo ba ya kamawa, kuma sun yi suna wajen gardama. Sai dai in aka saurara da kyau, yawancin gardamar ba ta shafi daɗin sauti ba. Maganar amana ce: mawaƙin nan namu ne har yanzu, ko ya sayar da mu?

Tushen wannan hali yana Birmingham, birnin masana'antu na Ingila, inda aka kafa ƙungiyar Black Sabbath a 1968. Mai kaɗa musu gita, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, wato hannun da yake danna tsirkiya da shi, tunda bahago ne. Ya narka robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsun hula, daga baya ya sassauta tsirkiyoyin don su rage masa zafi, sassautawar nan kuma ta ƙara wa sautin kauri da duhu. Da faifansu na farko ya fito ranar 13 ga Fabrairun 1970, masu sharhi a jaridu sun yi masa kaca-kaca, amma samari suka yi rububin sayensa. Kiɗan da manya suka raina, yaran leburori suka raine shi, dole su riƙa ganinsa a matsayin kayan gidansu.

Shi ya sa abin da ya faru da ƙungiyar Metallica ta Amurka ya zama abin misali. A 1989 masoya sun tsaya musu tsayin daka lokacin da aka hana su kyautar Grammy aka ba Jethro Tull, ƙungiyar da aka fi sani da busa sarewa. Shekara biyu bayan haka suka fitar da faifai mai baƙin bango, waƙoƙinsa gajeru kuma masu sauƙin shiga rediyo, aka sayar da fiye da miliyan 15 a Amurka kaɗai. Nan tsofaffin masoya suka fara gunaguni. A 1996 mawaƙan suka aske dogon gashinsu, abin ya zama kamar an yi ridda (a kan aski fa!). A 2000 kuma suka maka manhajar musayar waƙoƙi ta Napster a kotu, suka miƙa sunayen sama da mutum 300,000 da ke musayar waƙoƙinsu kyauta a intanet. Ta fuskar doka suna da gaskiya, amma masoya ba doka suke dubawa ba. Sun tuna cewa ta hanyar kwafar kaset hannu da hannu Metallica ta yi suna tun farko.

Wani zai ce duk wannan ƙyashi ne da son nuna iyawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mutumin da zai tare yarinya don ta sa rigar ƙungiyar Iron Maiden ya ce sai ta lissafo masa waƙoƙi uku, ba amana yake karewa ba, fin ƙarfi ne kawai. Amma ƙyashi ba ya sa mutum ya riƙe abu shekara arba'in. Ita Iron Maiden ɗin rediyo bai taɓa damuwa da ita sosai ba, ga shi har yau tana cika filayen ƙwallo. Ƙauyen Wacken na Jamus, mai mutane kusan 2,000, yana karɓar dubun-dubatar baƙi a bikin metal da aka fara tun 1990, wani lokaci tikiti kan ƙare kafin a gama sanar da mawaƙan da za su zo.

Zargi mafi nauyi shi ne na shaiɗanci da tashin hankali, kuma ba za a share shi da hannu ɗaya ba. A Norway wasu 'yan wani reshe na kiɗan sun ƙona majami'u a farkon shekarun 1990, an kuma ɗaure ɗaya daga cikinsu, Varg Vikernes, shekara 21 saboda kisa da ƙone-ƙone. Wasu waƙoƙin ma saɓo ne tsagwaronsa, mai addini yana da hujjar kauce musu. Sai dai 'yan tsiraru ne suka aikata waccan ta'asa, kuma da aka kai ƙungiyar Judas Priest kotu a Nevada a 1990 bisa zargin ɓoye saƙon da ya tunzura samari biyu su harbe kansu, alƙali ya wanke su. Irin wannan zargi ƙara haɗa kan masoyan yake yi. A 2003 wata kotu a Kasabalanka ta ƙasar Maroko ta ɗaure matasa 14 'yan metal, an gabatar da baƙaƙen riguna da faya-fayai a matsayin shaida, sai jama'a suka fito zanga-zanga, ba a daɗe ba aka sake su.