Ƙidayar Kifi a Duwatsun Murjani: Kowace Kyamara da Abin da Take Gani

A shekarar 2020 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa wani bincike da ya tayar da hankalin masu kula da teku. Masu aikin Global FinPrint sun nutsar da kyamarori a duwatsun murjani 371 na ƙasashe 58, kuma a kusan kashi 20 cikin 100 na wuraren ko kifin shak ɗaya bai gifta ba. Alƙaluman sun zagaya duniya. Yadda aka samo su kuwa, ba kowa ne ya tambaya ba, alhali a nan maganar take.

Tun 1954, lokacin da Vernon Brock ya fito da dabarar ƙidayar kifi a tsibiran Hawai, mai nutso ne ke bin layi a ƙarƙashin ruwa yana rubuta kifin da ya gani a allo. Ido kuwa yakan yi kuskure, musamman wajen ƙiyasta tsawo. Shi ya sa masana a Ostireliya, irin su Euan Harvey, suka koma ga kyamarori biyu a jere a kan ƙarfe ɗaya, tamkar idanun mutum, kwamfuta ta haɗa hotunan biyu ta fitar da tsawon kifi. Daga tsawon ake lissafa nauyi, kuma sanin tsawon na da muhimmanci domin manyan kifaye ne masunta ke fara kwashewa.

Inda aka rabu shi ne yadda ake kai kyamarar cikin ruwa. Wata, mai nutso ne ke riƙe ta yana tafe. Wata kuma, wadda ake kira BRUVS, saukar da ita ake yi daga jirgi da igiya, a ɗaura mata koto, galibi kimanin kilo ɗaya na dakakken kifin sardin, a bar ta wajen awa guda. Irinta FinPrint ta yi amfani da ita.

Da aka gwada su kafaɗa da kafaɗa a gaɓar yammacin Ostireliya, ciki har da Ningaloo da tsibiran Abrolhos, sai kowace ta kawo nata labarin. Mai koto ta fi tara nau'o'i, ta fi kama manyan maciya nama da masunta ke nema. Ta hannun mai nutso ta fi ganin ƙananan kifayen da ba sa nisa da murjani.

Kowace kuma da cikas ɗinta. Kifi yakan zagaya koto, ya fita, ya dawo, don haka ba a ƙirga duk wanda ya wuce. Adadi mafi yawa da ya bayyana a hoto guda ake ɗauka. Idan garke ya cika fuskar kyamara, lissafin ya gaza ke nan. Ga shi babu mai iya cewa daga wace tazara warin koton ya jawo kifin, domin igiyar ruwa ce ke ɗaukarsa. Mai nutso ya san faɗin wurin da ya bi, amma da wuya ya yi aiki a zurfin da ya wuce mita 30, kuma shi kansa abin tsoro ne. A tsibirin Guam, inda ake farautar kifi da mashi, an gano cewa ƙarar kumfar numfashinsa tana korar kifayen da ake farauta; da aka sa na'urar da ba ta fitar da kumfa, sai adadinsu ya ƙaru.

Wannan ne ya fi damuna. Da irin waɗannan alƙaluma hukuma ke rufe wa masunta wani yanki ko ta buɗe shi, abincin iyalai na rataye a kai. Idan kifi na gudun mai nutso a wurin kamu, yana sakin jiki da shi a wurin da aka killace, amfanin killacewar zai fito fiye da gaskiyarsa. Idan kuma bara da mai nutso aka ƙirga, bana da koto, ƙaruwar da aka gani ta kyamara ce, ba ta kifi ba. A ganina, hukumar da za ta sauya hanyar ƙidaya dole ta gudanar da tsohuwar da sabuwar tare, a wuri ɗaya, na wasu shekaru, kafin ta taɓa dokar kamun kifi.