Makarantun Rainon Yara a Ƙasar Adar: Wasa ko Hadda?

A Tamaske da maƙwabtanta na Keita, Buza da Madawa, iyaye sun fara kai 'ya'yansu ƙanana makarantar raino, wadda ake kira jardan, tun kafin su isa shiga ajin CI, wato ajin farko na firamare. A da birane kaɗai aka san da wannan.

Dalili na farko na wannan sauyi shi ne shigar iyaye cikin tafiyar da lakwal. A 2004 ne hukumar JICA ta Japan ta fara aikin "makaranta don kowa" a jihar Tawa, inda aka zaɓi kwamitocin tafiyar da lakwal, wato COGES, ta hanyar ƙuri'a, kafin tsarin ya game Nijar a 2007. Da mutanen gari suka saba tara kuɗi da kafa rumfa da hannunsu, buɗe ajin ƙanana bai gagare su ba. Dalili na biyu bida ce. Mazan Adar na tafiya Abijan da Najeriya da zarar an gama girbi, su bar mata da ɗiban ruwa, daka da kasuwa, uwa kuwa na son inda za ta bar ɗanta hankali kwance.

Amfanin a bayyane yake. Yaron da ya saba zama cikin tsara, yana ƙirga da duwatsun carafke, yana warware kacici-kacici, ba ya shiga CI da tsoron mushe, wato malami. Ya koyi jiran layi da raba abin hannunsa, ya kuma koyi ɗaga murya ya yi tambaya.

Sai dai akwai cikas. Yawancin iyaye na auna ci gaban yaro da kalmomin Faransanci da ya haddace, malama kuma kan bi son ransu, yara su wuni suna maimaita abin da ba su gane ba. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harshen uwa tun 1973 a Damagaram, kuma kundin tsarin mulki na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, amma littattafai da horon malamai ba su iso ƙauye yadda ya kamata ba. Ga kuma matsalar ajin zana: gobarar lakwal ta Yamai a Afrilun 2021 da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar sun cinye rayukan yara fiye da 40, har gwamnati ta hana ajiye ƙanana cikin irin waɗannan rumfuna. Ƙauyen da ba shi da ginin ƙasa ko na siminti ya shiga tsaka mai wuya.

Jardan na amfanar yaro ne idan ta bar shi ya yi wasa ya kuma yi tambaya da harshen gidansu. Kwamitocin iyaye da mahukuntan garuruwan Adar su sa ginin aji mai aminci a gaba, su gayyato tsofaffin gari su ba da tatsuniya, su kuma nemi a horar da malamai kan koyarwa ta hanyar wasa.