Amai da Gudawa: Darasin Ambaliyar Gwange

Unguwar Gwange tana bakin Kogin Ngadda ne a birnin Maiduguri. Saboda haka da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ran 10 ga watan Satumba, 2024, tana cikin unguwannin da ruwa ya fi yi wa ɓarna. Rabon da a ga irin wannan ambaliya tun 1994.

Ɓarnar ba ta tsaya ga gidaje ba. Ruwan ya cika masai, ya kwashi ƙazanta ya zuba cikin rijiyoyin sha. A farkon watan Oktoba Gwamnatin Jihar Barno ta ba da sanarwar ɓarkewar cutar kwalara, wato amai da gudawa.

Abin da ke kisa a wannan cuta shi ne ƙarewar ruwan jiki, wanda kan kayar da ƙato cikin 'yan sa'o'i. Binciken da likitoci suka yi a Dakka da Kalkata a shekarun 1960 ya nuna cewa sukari yana taimakon hanji ya tsotsi gishiri da ruwa. Don haka a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa, a riƙa bai wa majinyaci, sa'an nan a garzaya da shi asibiti.

Amma rigakafi ya fi magani. Muddin rijiya tana maƙwabtaka da masai, kowace damina za ta zo wa mutanen Gwange da fargaba.