Taki da Ƙarfin Ƙasa a Noman Alkama da Masara a Kadawa

Alkama da masara duk baƙi ne a ƙasar Hausa, kuma sunayensu sun isa shaida. Kalmar alkama daga Larabci ta fito, ita kuwa masara galibin masana suna danganta sunanta da ƙasar Masar, watau dawar Masar, ko da yake asalin tsiron daga nahiyar Amurka yake. Dukansu biyu sun daɗe ba su zama abincin yau da kullum ba. Alkama ta tsaya a fadamu da lambuna inda ake ban ruwa da jigo, ana yin alkaki da funkaso da taliya da ita, abincin biki da na masu hali. Masara kuma ta tsaya a bayan gida, inda shara da toka da kashin awaki suke taruwa, ana gasa ta ɗanya kafin gero ya nuna. Wurin da manomi ya ajiye ta ya nuna ya san halinta tun da daɗewa: shuka ce mai cin taki, ba ta haƙuri da ƙasar da gero zai yi haƙuri da ita.

Abin da ya haɗa su a gona ɗaya shi ne noman rani na zamani. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, filayen Kadawa da ke kudu da Kano suka sami ruwa ta magudanai, manomi ya sami damar shuka masara ko shinkafa da damina, sa'an nan ya bi da alkama da hunturu. Alkama ba ta son zafi, saboda haka akan shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, a girbe ta wajen Maris. A wannan zamanin ne kuma masara ta fita daga bayan gida ta shiga manyan gonaki, musamman bayan an buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa a 1975, aka sami sabon iri da takin zamani mai rahusa.

Manomin Hausa yana maganar ƙasa kamar mai rai. Yakan ce gona tana da ƙarfi, ko ta gaji, ko ta mutu, ko kuma tana son hutu. Gonar da aka bari ta huta ita ce saura, wadda ta ƙeƙashe har ruwa ba ya shigarta kuwa ta zama faƙo. Wannan ba adon magana ba ne kawai, tsari ne na aiki. A da, maganin gajiyar ƙasa iri uku ne: a bar ta ta huta, ko a gayyaci Fulani su yi zango da shanunsu a ci kara a bar kashi, ko a yi ta jigilar juji da jakai a mangala tun daga rani, kamar yadda aka saba a karkarar birnin Kano. Noman sau biyu a shekara ya rufe ƙofa ta farko gaba ɗaya, ya kuma ƙuntata ta biyu, domin lokacin da shanu suka saba shiga gona shi ne lokacin da alkama take tsaye a cikinta.

A nan ne takin zamani ya shigo da nasa kalmomin. Kamfa shi ne taki mai haɗe da sinadarai uku, naitirojin da fosfaras da fotashiyam, wanda aka fi sani da lamba 15-15-15. Yuriya naitirojin ne zalla, kashi 46 cikin ɗari na nauyin buhu. Sufa kuwa na fosfaras ne. Halayensu ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne dabarar juya amfanin gona take. Fosfaras ba ya yawo a cikin ƙasa, abin da alkama ta rage masara na iya samunsa da damina. Naitirojin kuwa ba ya jira: ruwa yana wanke shi zuwa ƙasa, in kuma an watsa yuriya a kan ƙasa ba a rufe ba, sai wani kashi ya bi iska. Shi ya sa malaman gona suke cewa a raba shi, a sa wani wajen shuka, a ƙara sauran bayan makonni kaɗan, a kuma binne shi. Manomin da ya zuba duka a rana ɗaya don ya huta, ya saya wa magudanar ruwa taki ne.

Sai dai akwai abin da buhu ba ya bayarwa. A Samaru ta Zariya an kafa wani gwaji tun 1950, inda aka yi ta kwatanta filayen da ake sa wa kashin shanu, da waɗanda ake sa wa takin zamani kaɗai, da waɗanda ake haɗa wa biyun. Abin da shekaru suka nuna shi ne, takin naitirojin shi kaɗai yana sa ƙasa ta yi tsami, ruɓaɓɓen ganye da ke riƙe danshi yana raguwa, amfanin gona kuma ba ya ɗorewa kamar na filin da aka haɗa masa taki biyu. Abin lura ne cewa Bahaushe bai ƙirƙiro wa sabon abin suna dabam ba, ya kira shi taki ya ƙara masa zamani, alhali aikinsu ya bambanta: ɗaya yana ciyar da shuka ta bana, ɗayan yana gyara jikin ƙasar kanta. Haɗa su cikin suna ɗaya ya taimaka wajen zaton cewa wannan na iya maye gurbin wancan.

Wata matsalar kuma ita ce alkama da masara dangi ne, dukansu hatsi, abincinsu ɗaya, ba wadda take mayar wa ƙasa naitirojin kamar yadda wake da gyaɗa da waken suya suke yi ta saiwoyinsu. Tsohon tsarin gauraya gero da dawa da wake a kunya ɗaya ya fi wannan juyi adalci ga ƙasa. Ga shi kuma karan masara ba ya komawa gona, yana tafiya makamashi da danga da abincin dabbobi, abin da ya rage a ƙone shi don a yi saurin huɗar alkama kafin sanyi ya wuce. Tazarar da ke tsakanin girbin alkama a Maris da faɗuwar damina ta isa wake mai saurin nuna in akwai ruwa a magudana. Tsadar taki da ta biyo bayan yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ta sa manoma da dama sun koma neman kashin kaji da juji, har abin da ake zubarwa a da ya zama haja mai farashi a buhu.