Yadda ake gane tsuntsun daji da na gida, da wanda ake ci da wanda aka yi saɓani a kansa

Tambaya: A garinmu Mashi, idan an gama girbi yara da matasa kan shiga gonaki su harbo tsuntsaye su kawo gida. Wani lokaci ba ma sanin zabon daji ne ko na wani, kuma sukan haɗo da shirwa. Yaya za mu bambance, kuma wanne ya halatta?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ka sani asalin tsuntsaye halal ne, sai wanda dalili ya fitar. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa ya ga Annabi (SAW) yana cin naman kaza. Kaza, agwagwa, talotalo, tattabara da zabo babu magana a kansu. Haka kurciya, hasbiya, fakara da salwa.

Inda ka fi bukatar lura shi ne zabo, domin na gida da na daji jinsi ɗaya ne, kuma na gida yakan yi nisa wajen kiwo. Zabon daji launinsa ɗaya tal: baƙi-baƙi mai ɗigon fari ko'ina, jikinsa a tsuke, ƙafarsa mai duhu, kuma da ya hango mutum daga nesa zai ruga ko ya tashi. Na gida ya fi nauyi, launinsa kuma yakan saɓa. Akwai fari fat, akwai ruwan toka, akwai mai farin ƙirji ko fararen gashin fiffike, sau da yawa ƙafarsa ruwan goro. Duk zabon da ka ga fari ya shiga jikinsa, ɗauke shi a matsayin mai ubangida. Amma kada ka juya maganar, domin zabon gida da yawa launin na daji gare su. A nan sai ka duba alama: an datse fiffike, an yanke farce, ko an ɗaura tsumma a ƙafa. Idan garke ne yana kiwo kusa da ƙauye ko ruga bai damu da mutane ba, kusan tabbas na mutane ne.

Hukunci biyu ne suka rataya a kan wannan. Na farko, tsuntsun gida dukiyar wani ce. Idan ya faɗo hannunka tsintuwa ne, sai a yi cigiya, ko a kai wa mai unguwa. Idan yaro ya kashe shi, a biya mai shi. Na biyu, a mazhabar Malik abin gida ba ya halatta da harbi ko da ya gudu, sai an yanka shi. Na daji ne kawai harbi yake zame masa yanka, idan an ambaci sunan Allah kuma makamin ya huda jiki.

Wannan sharaɗi na hudawa shi ne yara ba su sani ba. Dutsen danƙo ba ya hudawa, bugu yake yi, kuma abin da bugu ya kashe yana cikin abin da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim a Bukhari da Muslim ya rarrabe tsakanin abin da tsinin makami ya huda da abin da gefensa ya buge. Saboda haka ka koya wa ɗanka ya riƙe wuƙa: idan kurciya ta faɗo da sauran rai ya yanka ta nan take, idan ya same ta matacciya mushe ce. Harsashin bindiga kuwa malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da ya kashe, saboda yana huda jiki ya zubar da jini.

Tattabara da danginta ba su da wuyar ganewa. Hasbiya girmanta kamar tattabara, bayanta ja-ja, fiffikenta da ɗigon fari, idonta kewaye da jar fata, tana son giginya. Kurciya ta fi ƙanƙanta. Mai launi barkatai kuwa, fara ko wake-wake, tattabarar gida ce.

Sai masu farauta da ƙafa: shaho, shirwa, gaggafa, mujiya. Girma ba ya nuna su, domin wani shahon bai fi kurciya ba. Dubi baki da ƙafa: baki a lanƙwashe kamar ƙugiya, farata dogaye masu kaifi da suke damƙa. Faratan kaza na tono ne kawai. Shirwa ruwan ƙasa ce, wutsiyarta a rabe, ita ce mai surar 'yan tsaki. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas hani a kan cin duk tsuntsu mai irin wannan farce, kuma a kan haka Abu Hanifa, Shafi'i da Ahmad suka haramta su. Mashhurin mazhabar Malik, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, shi ne halaccin tsuntsaye baki ɗaya, bisa aya ta 145 ta Suratul An'am, kuma haka za ka samu a Risala. Hadisin ingantacce ne, lafazinsa a fili yake, don haka barin cinsu ya fi ƙarfi a wurinmu. Sai dai wanda ya ci bisa fatawar malaminsa ba a ce masa ya ci mushe.

Hankaka, baƙi mai farin ƙirji, da ungulu mai sanƙo, mafi yawan malamai sun hana cinsu saboda cin mushe. Ungulu ma yanzu ta yi wuyar gani a mahautanmu, tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma masu neman kanta don tsubbu suna cikin masu ƙarar da ita. Alhudahuda mai tukku, mai fiffike zane-zanen baƙi da fari, Abu Dawud ya ruwaito hanin kashe shi, to ka hana yara harbinsa.

Kazar gida da ta saba cin najasa, an ruwaito Ibn Umar yakan tsare ta kwana 3 kafin ya yanka.

Allah ne Mafi sani.