Furen Zuciya a Inuwar Darbejiya

Hotonsa ya cika wayoyi: fure mai siffar zuciya, jere a reshe kamar 'yan kunne, kowanne da ɗigo a ƙasansa. Mai son shuke-shuke a Kaugama in ya gan shi, dole ya yi sha'awar kafa shi a tsakar gida. Shawarata, kada ya ɓata kuɗinsa. Asalin furen nan arewacin Sin ne da Koriya, kuma daga Sin Robert Fortune ya kai shi Ingila a shekarun 1840. Saiwarsa ba ta farkawa sai ta sha watanni cikin tsananin sanyi. Ko a can, da zafi ya kankama ganyen yake bushewa, balle a bazarar ƙasar Haɗejiya, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu.

Amma yana da takwara ɗan gida, mai yaɗo, wanda masana ke kira Clerodendrum thomsoniae. Ɗan dazuzzukan Afirka ta Yamma ne. Daga Kalaba aka aika da shi Edinbara, inda aka raɗa masa sunan a 1862. Farin kwanso gare shi, jan fure na leƙowa daga ciki. Zafi bai dame shi ba. Ranar tsaka da busasshiyar iska su ne abokan gabarsa.

A nan darbejiya ke da rana, sai dai a san halinta. Inuwarta na da sanyi, amma saiwoyinta sukan shanye duk ruwan da aka zuba a gindinta. Don haka a dasa furen a babbar tukunya mai huda a ƙasa, a ajiye gabas da itaciyar, ya sha hantsi, kafin azahar inuwa ta rufe shi. Rairayin jigawa shi kaɗai ba ya riƙe danshi, lakar fadama kuma takan shaƙe saiwa. A gauraya su da ruɓaɓɓen takin dabbobi, a shimfiɗa ƙaiƙayi a sama. Ruwan alwala ya wadatar, amma ban da ruwan wanki.

Da hunturu zai zubar da ganye, har a ɗauka ya mutu. Barci yake yi. A rage masa ruwa, a kare shi daga iska da zana, wadda za ta hana awaki ma. Dab da damina a datse rassan, domin a sabon toho yake fure. Rassan da aka datse kuwa, a soka su a damshin ƙasa cikin inuwa, a raba wa maƙwabta idan sun kama.